Hanci Ba Ya Jin Ƙanshin Gida

A gidanmu na Mafoni ba a yin tatsuniya sai ran da Kaka za ta dafa turaren wuta. Yaran maƙwabta kyauta kakanninsu ke ba su labari, mu kuwa sai mun biya da hannu. Wannan ta tsince itacen turare, wannan ta daka kajiji, wannan ta kankare farce, ɓawon nan na dodon koɗi da ake sa wa turare, har yatsunta su yi fari. Da an idar da sallar Magariba sai Kaka ta hura wuta a tsakar gida, ta ɗora wata tsohuwar tukunyar ƙarfe da ba a taɓa dafa abinci a cikinta ba, ta zuba sukari da ɗan ruwa, ta zauna tana jira ya narke. Wannan jiran shi ne rabonmu. Daga nan har a kira Isha, bakin Kaka namu ne.

Asalinmu makiyaya ne. Kakanmu ne ya sayar da ragowar shanunsa ya zauna a Maiduguri yana dillancin dabbobi, ita kuma Kaka ta koyi haɗa turare a wurin matan Barebari har ta fi masu koya mata, abin da ba ta gajiya da faɗa ko ba a tambaye ta ba. Hausarta ta kasuwa ce, rabi da rabi da Barbarci, in muka yi mata dariya takalmi ne ke biyo baya. Jikokinta mun kai goma a gidan, amma mu biyu ne ba ma fashi: ni Yagana, da yayata Ya Aisa wadda ta girme ni da shekara biyu. Ita kusa da tukunya take zama, ni kuma a ƙafar Kaka.

Ba ta fara labari yadda kowa ke farawa. Sai ta ɗaga muciya ta ce, "Ga wata tafe daga nesa, ƙafarta duk ƙura. Ku matsa ku ba ta wuri." Mu kuma mu ce ta shigo ta zauna. Tana da na gizo da na kura kamar kowace tsohuwa, amma wanda muke roƙo shi ne na Falmata mai turare.

A zamanin da garuruwa ke da ganuwa, in ji Kaka, kowane gida da haɗin turarensa, uwa ke koya wa 'ya, ba ya fita waje. Ana kifa kwando a kan kasko, a shimfiɗa rigar namiji a kai ta sha hayaƙi, don haka in mutum ya gifta ka a kasuwa, hancinka zai faɗa maka ɗan gidan wa ne tun kafin ya buɗe baki. Falmata marainiya ce. Ba ta da kowa sai yayanta Bukar da ƙanen mahaifinsu, Baffa, wanda ke riƙe musu da shanun gado. Rigunan mutum biyun nan kaɗai take turarawa a duniya.

Bukar ya tafi fataucin kanwa bakin tafki, ya yi wata uku. Ranar da ake sa ran dawowarsa, da asuba aka tsinci gawarsa a ƙofar gari da saran wuƙa a baya, an naɗe shi tsaf cikin wata shuɗiyar riga da ba tasa ba. Ba wanda ya ga wanda ya kawo shi. Baffa ya fi kowa kuka. Ya ɗaga rigar sama a gaban jama'a ya ce mai rigar nan shi ne ya kashe masa ɗa. Falmata ta karɓa ta shinshina, ta ji wani ƙanshi da ba na garinsu ba. Ta yanki bakin rigar ta sa a cikin gora, ta liƙe da kakin zuma don kada ƙanshin ya gudu, ta nemi dafi ta ɗura a tandun kwalli. Sannan ta ɗauki faifan tallar turare ta fita, tana cewa rama cuta ga macuci ibada ne.

Damina biyu tana bin kasuwanni tana shinshina rigunan maza da sunan talla. Nan Kaka kan tsaya ta kwaikwayi yadda take yi, ta kama gefen zanen ɗayanmu ta ja hanci, mu yi ta dariya. Ran nan a wani gari mai nisa wani mutum ya wuce ta da tarin huluna a hannu, irin ƙanshin da ke cikin gorarta ya biyo shi. Sunansa Modu, mai ɗinkin hula, shi da tsohuwar uwarsa kaɗai a gida. Falmata ta bi shi har ƙofa, ta roƙi tsohuwar ta ɗauke ta aiki ko don abinci. Ba ta ma sauya suna ba, don a cewar Kaka, "A Borno in ka jefa dutse sama, kan Falmata zai sauka."

To, ga ta ga wanda take nema, ga tandu a ƙugunta. Sai dai kullum da uzuri. Yau ta ce bari ta ƙara tabbatarwa. Gobe tsohuwa ba ta da lafiya, in ɗan ya mutu wa zai kula da ita. Jibi kuma ranar Juma'a ce. Shi kuwa Modu ba mai magana ba ne, allurarsa kawai ya sani. Ya lura hayaƙin murhu na sa ta hawaye, washegari ta tashi ta tarar ya gina 'yar katanga ta tare iska. Ta ga yana zuwa masallaci da riga mai faci, ta tambaye shi ba shi da ta kirki ne. Ya ce yana da wata shuɗiya, amma ya ba wanda ya fi shi buƙata. Ranar ta kwana tana kuka don baƙin ciki, a ganinta izgili yake yi da jinin ɗan'uwanta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne da safe ta kama kanta tana zaɓar masa tsokar da ta fi laushi a cikin miya.

"Dafi dai yana tandu yana tsufa," in ji Kaka, tana juya itace a cikin sukari. "Ita kuma zuciya ba ta san wa aka aiko ta ta ƙi ba."

Da tsohuwa ta kira ta ta ce Modu yana son ta da aure, sai Falmata ta tsorata da irin daɗin da ta ji. Ta ce wa kanta yau za a yi ta ta ƙare. Ta dama fura ta juye tandun a ciki. Don ta ƙara taurare zuciyarta, ta haɗa turaren gidansu, wanda rabonta da shi tun ranar da aka binne Bukar, ta turara rigar Modu da shi, wai ya mutu da ƙanshin gidan da ya rusa a jikinsa. Ta kai masa riga da ƙwarya. Ya ɗauki rigar zai sa, sai ya tsaya, fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Wa ya ba ki turaren nan?"

Ya shiga ɗaki ya fito da tasa gorar, ita ma a liƙe da kaki. A ciki akwai yagaggen bakin rawani. Ya ce shekara biyu da suka wuce, yana dawowa daga cin kasuwa, ya tsinci wani saurayi a daji da sauran numfashi, hannunsa damƙe da ƙyallen nan. Sunan garinsu kawai ya iya faɗa, rai ya yi halinsa. Modu ya naɗe shi da rigarsa, ya ɗora shi a jaki yini guda, ya ajiye shi a ƙofar gari kafin gari ya waye, don ya san baƙon da ya kawo gawa shi ake tambaya jini. Tun ranar shi ma yake shinshina mutane yana neman mai rawanin.

Falmata ta karɓi ƙyallen. Ta san saƙar, ta san ƙanshin. Da hannunta ta shimfiɗa rawanin nan a kan kwando, ranar da Baffa ya ce zai je duba shanu ya kwana biyu. Ta faɗa musu mamacin yayanta ne, da abin da ya kawo ta. Sai tsohuwar ta ce mata, "'Yata, ran da aka kawo yayanki ƙanshi biyu ne a jikinsa. Mutumin da ya yi wata uku a hanya, ina ya samo sabon turaren gidanku a hannu? Amma na baƙo kika ji. Hanci ba ya jin ƙanshin gida." Modu kuwa ƙishi ya kama shi ya miƙa hannu ga ƙwaryar fura, Falmata ta sa ƙafa ta kifar da ita.

A nan muke tafi, har maƙwabta su san an zo wajen kifar da ƙwarya. Sannan kullum sai mun yi tambayar da mun riga mun san amsarta, ko Allah zai sa yau ta sauya.

"Kaka, Baffa fa?"

"Ya zo ɗaurin aure. Shi ne ma waliyyi. Ya ci, ya sha, ya sa albarka."

"Shi ke nan?"

"Ta sa masa ƙyallen a cikin goron biki. Ya gani, ya yi shiru, ita ma ta yi shiru. Sai dai ba ta ƙara turara masa riga ba, ba kuma wadda ta san haɗin sai ita. Ya tsufa yana yawo cikin gari rigarsa na warin rana, kowa ya gifta shi ya san ba shi da kowa."

Wannan ƙarshen bai taɓa gamsar da mu ba. Ya Aisa ta fi kowa fushi, har tsaye take miƙewa. Ta ce in da ita ce, sabuwar fura za ta dama wa Baffa. Kaka ta dube ta ta ce, "Zauna. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Daga nan ta sauke tukunya ta ce, "Baƙuwa ta gaji, ta naɗe tabarmarta. Wanda ya ga kan ɓera a hanya nasa ne." Sai a kira Isha.

Da muka zama 'yanmata, Kaka ta kore sauran yaran wata rana ta kira mu biyu ɗakinta. Ta jawo wata 'yar gora daga ƙarƙashin gado, tsohon man shanu ne a ciki. Ta nuna mana cewa kafin farce ya shiga turare, a cikin wannan man take soya shi, ɗan kaɗan, shi ne ke sa ƙanshinta ya kwana uku a tufa. Ta ce, "Abin da ya rage mana na shanu ke nan. Ku biyu na ba. In ya fita, daga bakin ɗayarku ya fita." Bayan shekara uku ta rasu.

Ya Aisa ba ta riƙe sana'ar ba, ta ce hayaƙi na sa ta tari. Ni na riƙe. Na buɗe shago kusa da Kasuwar Kwastam, Allah ya sa albarka, har amare daga wasu garuruwa ake aiko wa da turaren Yagana. Na ɗauki wata yarinya daga wajen Biu mai suna Saratu, ta yi shekara bakwai tare da ni. Ita ke buɗe shago, ita ke tsince itace, ita ke wanke tukunyar Kaka. Farce kawai nake soyawa ni kaɗai a gida, a ɗakina, in kawo shi a shirye.

Sai ga shi wata shekara masu saye sun fara ce mini an buɗe wani sabon shago a gari, turarensu sak nawa, suna kawai aka sauya. Na aika aka sayo mini kwalba ɗaya. Na ƙona, na shinshina, na ji duk abin da na sani: itacen, kajijin, gwargwadon sukarin. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kira Ya Aisa don ita ce babba. Ta zo shagon ta zauna, ta saurare ni har na gama, sannan ta nuna bayan shago da haɓa ta ce, "Wannan ai ba sai an buga ƙasa ba. Wa ke wanke miki tukunya?"

Ni mai saurin fushi ce, kowa ya san ni da shi, kuma ranar ban rage komai ba. Na jawo Saratu gaban shago, ana tsakiyar cin kasuwa, na kira ta maciya amana, na ce na ɗauko ta ba ta san bambancin turare da hayaƙin shara ba, yau ta sayar da ni. Na watso mata jakarta waje. Ba ta yi musu ba, ba ta yi kuka ba. Ta tsugunna ta tattara kayanta ta ce, "Anti, Allah ya gani." Ya Aisa tana zaune a kan benci tana ɓare gyaɗa.

Bayan wata biyu 'yata ta haihu a Kano, na tafi na zauna da ita har ta yi arba'in. Gidan surukai ne, ban ƙona turarena ko sau ɗaya ba. Ranar da na dawo, ina buɗe ƙofar ɗakina ƙanshin gidana ya tare ni kamar na shiga gidan wata, na tsaya ina mamaki ashe haka muke. Kwalbar nan ta sabon shago tana kan madubi inda na bar ta. Na buɗe ta ba da wata niyya ba. Man shanun Kaka ne ya fara dukan hancina, tun kafin itacen. Yana ciki tun ranar farko. Saratu ba ta taɓa ganin gorar nan ba, ba ta ma san da ita ba. Mu biyu aka ba, kuma na san ba ni ba ce.

Na je gidan Ya Aisa ban ko cire mayafin tafiya ba. Na ajiye mata kwalbar a gaba. Na zaci za ta rantse, ko ta yi kuka, ko ta ce talauci ne. Sai ta ce, "Kaka tamu ce mu biyu, Yagana. Amma duk gari turaren Yagana ake cewa. Ni ma na yi abin da na ga dama da rabona." Da a nan ta tsaya da na iya haɗiyewa, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Na ce, "Saratu fa?" Ta ce, "Ni na kore ta?"

Wannan kalmar ce har yau ba ta bar ni ba. Haɗin turare abu ne da za a iya rasawa a rayu. Amma yayata uwa ɗaya uba ɗaya, wadda muka yi shekaru muna lulluɓa da zane ɗaya a gaban wutar Kaka, ta ɗaga mini rigar baƙo a gaban jama'a, ta koma gefe tana kallo. An ce naka shi ke ba da kai, na sha faɗa wa wasu, ban taɓa tsammanin zan ji shi a jikina ba. Na ci amanar wadda ta riƙe tawa, saboda na amince da wadda ta ci. Har Kaka na ji haushi a kwanakin nan, ina cewa me ya sa ba ta faɗa mana a fili ba. Daga baya na ga ai ta faɗa, sau ba adadi, mu ne muke jiran wajen tafi.

Na nemi Saratu har na same ta a unguwar Moduganari. Maganata ta riga ni yawo, ba mai shagon da ya yarda ya ɗauke ta, tana soya awara a ƙofar gidan da take haya. Ta ba ni kujera, ta kawo ruwa. Na faɗa mata komai, na roƙe ta gafara, na ce zan tsaya a daidai inda na tozarta ta in wanke ta da bakina, ta dawo. Na je na yi hakan kuwa, sai dai waɗanda suka taru jin zagi sun fi waɗanda suka tsaya jin gyara yawa. Ita kuma ta juya awararta ta ce, "Na yafe, Anti. Amma ba zan dawo ba. Ƙanshin ma yanzu ciwon kai yake sa ni." Falmata ta samu ta kifar da ƙwaryarta. Ni tawa an riga an sha.

Da ina yarinya na ɗauka labarin Kaka na soyayya ne, cewa wanda kake nema da wuƙa zai iya zama wanda Allah ya ajiye maka. Wannan ma yana ciki, kuma har yanzu ina son wajen katangar murhu. Amma yanzu da na kai shekarun da Kaka take lokacin, na gane ba don Modu take ba mu labarin ba. Don Baffa ne, da abin da mutum zai yi da shi bayan ya gane, tun da ba zai ɓace ba. Zai zo suna, zai zo biki, 'ya'yansa za su kira ka da sunan girma.

Ya Aisa na zuwa gidana kowace Sallah, har bana. 'Ya'yanta Mama suke ce mini, ina zuba musu nama kamar nawa. Tun muna amare al'adarmu ce in ta iso ta cire laffayarta ta miƙo mini, in kifa kwando in turara mata kafin ta tafi. Sallar da ta fara zuwa bayan abin nan, ta cire ta miƙo kamar kullum, tana hira da wata. Na karɓa, na shiga ɗaki, na ninke ta da kyau na ajiye a kan gado. Da za ta tafi na miƙa mata. Ta yafa, ta kai gefen hancinta kamar yadda ta saba, ta tsaya. Ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Sai mun sake zuwa." Na ce ta gaida gida.